Yadda Ake Haɗa Kebul ɗin Wuta a Ramin Kwal

Ku dubi kebul ɗin da ke jan ciki a bayan injin yankar kwal, wato babbar wayar da ke kai masa wuta. Injin da ke yankar kwal a ƙarƙashin ƙasa da lantarki yake aiki, don haka duk inda ya nufa kebul na biye da shi, cikin laka da ruwa. Motar kwasar kwal ta taka shi, dutse ya faɗo masa daga sama, kusurwar bango ta yi ta gogarsa. Ko ba daɗe ko ba jima sai ya tsage.

A gida, in waya ta tsinke, murɗe bakin biyu ake yi a naɗe da baƙin tef, shi ke nan. Wanda ya yi haka a ramin kwal ya sayi ajalinsa da na abokan aikinsa. Kwal yana fitar da iskar gas ta metan, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Da zarar ta kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na iskar wurin, tartsatsi ɗaya ya isa. Fashewar farko kuma takan tayar da ƙurar kwal, ita ma ta kama, wuta ta bi ramin da gudu.

A 1968 wani rami ya fashe a Farmington da ke jihar West Virginia ta Amurka, mutum 78 suka mutu. Shekara ta zagayo aka kafa dokar 1969 kan lafiya da tsaron ma'aikatan kwal, kuma har maganar haɗa kebul tana ciki.

Ga yadda aikin yake. Mai gyara zai fara kashe wuta daga tushe, ya garƙame makunnin da kwaɗo, ya rataya sunansa, ya jefa makullin a aljihu. Ba a yarda da “ai na ce kada kowa ya kunna” ba. Sai ya gwada ya tabbatar babu wuta, ya yanke inda ya lalace, ya feɗe rigar kebul ɗin. Kowace waya da 'yar'uwarta ake haɗa ta, a matse da maɗaurin ƙarfe, kuma ba a jera mahaɗan wuri ɗaya: wannan gaba kaɗan, wancan baya kaɗan, don kada su taɓa juna. A rufe kowacce daban, sannan a mayar da rigar waje da robar da ba ta cin wuta, a like ta yadda ruwa ba zai sami kafa ba.

Inda mai gaggawa ya fi yin ha'inci shi ne wayar da ke kai wuta ƙasa, domin ko ba a haɗa ta da kyau ba injin zai tashi lafiya lau. Sai ranar da wuta ta zubo a jikin injin, wani ya dafa shi da jiƙaƙƙen hannu. Shi ya sa ake sa wata siririyar waya mai gadin ta: in ta ga layin ya katse, wuta ta ɗauke da kanta.

Dokar Amurka ta yarda da haɗin wucin gadi, amma guda ɗaya tak a kebul, na awa 24 kawai, kuma kada ya kusanci injin da ƙasa da ƙafa 25, sai dai injin mai naɗe kebul ɗinsa a kan ganga mai juyawa. Kafin lokacin ya cika, ko a yi haɗi na dindindin ko a sauya kebul ɗin.