Sharhi: An Samu Kuɗin Dashe, Ina Kuɗin Ban Ruwa?

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci.

Duk shekara idan damina ta kankama, sai a shiga bukukuwan dashen itatuwa a biranenmu. A kafa rumfa, a jera kujeru, babban baƙo ya tsuguna ya saka tsiro a rami, a miƙo masa buta ya zuba ruwa, a tafa, a ɗauki hoto, kowa ya watse. A Jamhuriyar Nijar ma ranar 3 ga Agusta, ranar samun 'yancin kai, ita ce ranar dashen bishiya. A Najeriya kuwa, a watan Satumban 2019 shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya tsaya a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi alƙawarin dasa itatuwa miliyan 25. Babu mai ja da kyawun wannan niyya. Amma akwai tambaya ɗaya da ba a yi a ƙarƙashin rumfar nan, kuma ita ce ta hana ni yin shiru yau: wa zai ba wannan tsiro ruwa a watan Afrilu? Da wane ruwa? Da kuɗin wa?

A Kano, a Sakkwato, a Maiduguri, a Maradi da Damagaram, ruwan sama yana ɗaukewa a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Daga nan sai wata bakwai, wani wuri takwas, babu ɗigo. Hunturu ya busar da ƙasa, bazara ta zo ta gasa ta. Tsohuwar tsamiya ko darbejiya ba ruwanta, saiwarta ta yi nisa. Tsiron da aka dasa a Agusta kuwa saiwarsa ba ta wuce kamu biyu ba. Sai ya ƙetare rani biyu ko uku ana ba shi ruwa kafin ya tsaya da ƙafarsa. Kuma tsiron birni ya fi na daji shan wuya: kwalta ta gefe guda, siminti ta ɗaya gefen, ƙasa ta daskare da tattaki, ga awaki. Duk mai lambu ya san wannan. Duk ma'aikacin gandun daji ya san wannan. To me ya sa takardun tallafi ke cika da kuɗin sayen tsiro da haƙa rami da hayar rumfa, amma idan aka zo kan ban ruwa sai a bar wa Allah da maƙwabta?

Wannan daidai yake da mutum ya yanka rago ranar suna, ya tara jama'a, sannan washegari ya manta jariri yana buƙatar nono.

Kada a ce babu kuɗi. A watan Disambar 2021 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 700 domin shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar da ta lalace da jure sauyin yanayi, wanda ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja. Tun 2007 Tarayyar Afirka ta ƙaddamar da shirin gina gangamemen shingen itatuwa daga Senegal zuwa Jibuti, Najeriya kuma ta kafa masa hukuma ta musamman a 2015. Ga asusun kula da muhalli da ake cirewa daga kuɗin tarayya, ga ƙungiyoyin waje, ga kamfanoni masu son a gansu suna hidimar jama'a. Kuɗi suna yawo. Abin da nake cewa shi ne, kada a sake sakin ko kobo na tallafin dashe a cikin birni sai an ga tsarin ban ruwa na shekara uku a rubuce, da kuɗinsa a ware, kuma ruwan ya zama wanda ba na sha ba ne.

Na san abin da wani zai ce. Zai ce, malam, mutane suna bin 'yan garuwa da kuɗi a hannu, famfo ya yi shekaru bai kawo ba, kai kana maganar shayar da itace? To ai shi ya sa! Shi ya sa na ce ruwan da ba na sha ba. Ban ce a kwance bututu daga matatun ruwan Kano na Tamburawa ko Challawa a kai wa darbejiya ruwan da aka tace da tsada ba. Ban ce a haƙa sabuwar rijiyar burtsatse a bakin kowane titi a ƙara zuƙe ruwan ƙasa ba. Wannan zalunci ne ga mai jarka. Ina magana ne a kan ruwan da muka riga muka gama amfani da shi, wanda yanzu haka yake malala a kwatocinmu, yana kwanciya a lungu, yana raino mana sauro.

Ku zo mu yi lissafi a bakin masallacin unguwa. Mu ƙaddara mutum 300 ne ke alwala a wurin, sau 5 a rana, kowa da lita 1. Lita 1,500 ke nan kullum, wato jarka 60 mai cin lita 25. A mako jarka 420. Ko da kowane tsiro zai sha jarka biyu a mako, masallaci ɗaya zai riƙe tsiro sama da 200. Masallaci ɗaya fa. Masallatai nawa ne a cikin birnin Kano? Nawa ne a Zariya da Katsina da Yamai? Kuma wannan ruwa ba ya ɗaukewa da rani. A bazara ma aka fi zuba shi. Babu sabulu a cikinsa, babu mai. Malamanmu sun karantar da mu cewa ruwan da aka yi alwala da shi ba najasa ba ne, matuƙar bai haɗu da na bayan gida ba. Abin da ake buƙata bai taka kara ya karya ba: a raba magudanar wurin alwala da ta banɗaki, ruwan ya bi ta ramin tsakuwa da yashi da gawayi, ya taru a tanki mai murfi, a ja shi da bututu ko a ɗiba da kura zuwa gindin itatuwa. Ga kuma hadisin da kowa ya haddace, cewa duk Musulmin da ya yi dashe, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi, sadaka ce a gare shi. To dashen da ya bushe a Maris, wa zai ci daga gare shi?

Bayan masallatai, ga wuraren wanka na makarantun kwana da barikoki da otal-otal. Ga ruwan saman da ke kwarara daga rufin kasuwanni da tashoshin mota ya zama ambaliya a Agusta, sannan a neme shi a rasa a Afrilu. Ga kududdufan da kakanninmu suka bari a cikin birni, waɗanda muke ta cikewa da shara muna yanka filaye a kai. Kowannensu ma'ajiyar ruwa ce da tallafi zai iya yashewa, ya katange, ya saka mata famfo mai aiki da hasken rana.

Ba mu za mu fara ba. Birnin Paris na Faransa yana da layin bututu iri biyu tun ƙarni na 19, aikin injiniya Eugène Belgrand: ɗaya na ruwan sha, ɗaya na ruwan kogi da ba a tace shi don sha ba. Da na biyun suke wanke tituna, suna shayar da lambunan shaƙatawa, kuma a 2012 majalisar birnin ta yanke shawarar ci gaba da riƙe shi. Idan aka ce ai wannan Turai ce, to mu dawo gida Afirka. A Masar, kusa da Isma'iliyya, akwai dajin Serapium da aka raya a tsakiyar hamada tun ƙarshen shekarun 1990, ba da ruwan Nilu ba, da ruwan ƙazantar gari da aka tace. A Maroko, garin Warzazat da ke bakin Sahara ya kewaye kansa da shingen itatuwa ta wannan hanya, da famfunan sola, da tallafin hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙasar Koriya ta Kudu. Ku lura da inda kuɗin ya tafi a can: ya tafi ga ruwa. Su da ruwan samansu bai kai rubu'in na Kano ba sun raya itace, mu kuma muna dasawa muna binnewa.

Sai masu cewa ruwan datti zai kawo cuta. Wannan magana tana ba ni haushi idan ta fito daga bakin hukuma. Yau shekara nawa manoman rani ke ban ruwan latas da alayyafo da ruwan ƙazantar rafin Jakara na Kano ɗanye, ana kai wa kasuwa muna saye muna ci? A can ne ya kamata a ji tsoro, a kuma taimaki manoman su samu ruwa mai tsabta. Amma maɗaci da darbejiya na bakin titi ba a cin su a faranti. Ruwan da aka tace aka zuba a gindinsu, ƙasa ta shanye, ya fi aminci nesa ba kusa ba a kan wanda aka bari kwance a lambatu a ƙofar gida, yara suna wasa a ciki.

Inda nake da ɗar-ɗar na gaske wuri biyu ne. Na farko ruwan masana'antu, musamman na majemun fata a Sharaɗa da Challawa da Bompai a Kano. Wannan yana ɗauke da sinadarai masu guba da ke zama a ƙasa, kada ya kusanci wannan shiri ko da wasa, haka ma ruwan garejin kanikawa mai baƙin mai. Na biyu ruwan wanki mai yawan omo, wanda gishirinsa kan taru ya ƙona saiwa idan an daɗe. Shi ya sa dole wani kaso na tallafin ya tafi ga gwajin ruwa da na ƙasa lokaci-lokaci. Muna da jami'o'i da ɗakunan gwaji da za su iya. Wannan dalili ne na yin aikin da hankali. Ba dalilin naɗe hannu ba ne.

Me ya sa dai ake gudun ban ruwa? Domin tsiro ana ƙirga shi ranar biki a rubuta a rahoto, mai ban ruwa kuwa babu mai ɗaukar hotonsa da ƙarfe shida na safe a watan Maris. Masu ba da tallafi suna tambayar nawa aka dasa. Tambayar banza ce! Ku tambayi nawa suka rayu bayan rani na uku. A riƙe rabin kuɗin ɗan kwangila sai an zo an ƙirga masu ganye. A ɗauki matasan unguwa aiki da albashi na wata-wata daga Oktoba zuwa Yuni, kowa da layinsa da kurarsa, a san wanda za a tambaya idan layi ya bushe. Kwamitin masallaci ko na kasuwa da ya gina matattarar ruwa, a ba shi tallafin kai tsaye, kada sai ya bi ta hannun mutum goma.

Ba maganar ƙawata gari nake yi ba. A farkon Afrilun 2024, cikin azumi, zafi a garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5, asibitoci a Bamako suka cika, tsofaffi suka yi ta mutuwa. Mu ma nan mun ji a jikinmu. Mai shayi, mai faci, ɗan acaɓa, almajiri, mace mai tuyar ƙosai, duk waɗannan ba su da na'urar sanyaya ɗaki. Inuwar bakin titi ce kawai tasu. Yamai ta fara dasa shingen darbejiya a kewayenta tun 1965, kuma duk da gine-ginen da suka cinye wani ɓangarensa, har yau akwai masu fakewa a inuwar da wasu suka wahala suka raya.

Don haka, ya ku kwamishinonin muhalli, da shugabannin ƙananan hukumomi, da magadan gari, da wakilan ƙungiyoyin agaji: kafin ku sa hannu a takardar tallafin dashe ta bana, ku buɗe shafin kasafi. Idan babu layin ban ruwa na shekara uku, idan ba a faɗi masallaci ko kududdufi ko matatar da ruwan zai fito ba, idan babu sunan wanda zai zuba shi a Afrilu, ku mayar wa mai ita ya je ya sake rubutawa.