Amsoshin Tambayoyinku: Ƙauyen Wales da ruwa ya cinye

Mai gabatarwa: Jama'a, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙu sun taru, lokaci kuma ba ya jira, bari mu fara.

Wani ɗan'uwa daga Maraɗi yana tambaya ko da gaske akwai ƙauye a Wales, wani yanki na Birtaniya, mai suna da haruffa 58. Akwai, yana tsibirin Anglesey, mutanen wurin ma Llanfair PG suke cewa a taƙaice. Ka ce in karanto sunan duka. To ɗan'uwa, fara gwadawa a gida tukuna.

Wata baiwar Allah daga Kumasi ta ce wai tumaki sun fi mutane yawa a can. Haka ne, Hajiya, kusan uku ga kowane mutum. Amma don Allah a riƙa gyara rubutu, da ƙyar muka karanta wasiƙarki.

Sai tambayar da mutane da yawa suka aiko. Wani daga Sabuwar Bussa ya ce an tashi kakanninsa saboda madatsar Kainji, ya kuma ji an taɓa yi wa wani ƙauye haka a Birtaniya. Malam, bismillah.

Malamin tarihi: To, sunan ƙauyen Capel Celyn, a kwarin kogin Tryweryn kusa da garin Bala. Makiyaya ne da manoma, suna da makaranta ɗaya, gidan waya, da ɗan cocinsu. Harshensu na Wales suke yi, a gida da gona da wurin ibada. Harshen nan kuwa ya riga Turanci zama a tsibirin Birtaniya, don tun kafin Romawa su zo...

Mai gabatarwa: Malam, a gafarce ni, a dawo da mu kan ruwan.

Malamin tarihi: Yauwa. Birnin Liverpool da ke Ingila ne ya nemi ruwan, yana so a yi madatsa a kwarin. Ya kai ƙudiri majalisar dokoki a Landan, aka amince a 1957. Wakilan Wales 36 ne a majalisar, ba ko ɗaya da ya goyi baya, amma ƙudirin ya wuce.

Mai gabatarwa: A ji da kyau: ba ko ɗaya daga wakilansu da ya yarda, aka kuma yi.

Malamin tarihi: Aka yi. Tun 1956 mutanen ƙauyen suka kwashi yaransu har Liverpool, suka zaga tituna da alluna suna roƙo, wasu mutanen gari na yi musu ihu. A 1965 ruwa ya rufe gidaje da gonaki 12, mutum 48 suka rasa muhalli. Wasu iyalai suka tone mamatansu suka kai wata maƙabarta, sauran kaburburan suna nan ƙarƙashin tafkin. Shekara ɗaya bayan haka, Gwynfor Evans, shugaban Plaid Cymru, jam'iyyar 'yan kishin Wales, ya ci mata kujerarta ta farko a majalisar.

Mai gabatarwa: Ni maganar kaburburan nan ce ta fi taɓa ni, wallahi. Gida ana sake ginawa, amma ina mutum zai je ya ziyarci mahaifinsa? An ba su haƙuri kuwa?

Malamin tarihi: Sai a 2005 hukumar birnin Liverpool ta nemi afuwa, bayan shekara 40. Har yau akwai wani bango a gefen hanya kusa da Llanrhystud, an rubuta masa da farin fenti, Cofiwch Dryweryn, wato ku tuna da Tryweryn. Duk sanda aka ɓata shi, sai mutane su sake rubutawa.

Mai gabatarwa: Ɗan'uwanmu na Sabuwar Bussa, ka ji amsarka. In akwai dattijon da ya ga tashin tsohuwar Bussa da idonsa, ka rubuto mana abin da ya faɗa maka, za mu karanta. Malam, mun gode.