Ƙurar hunturu da dajin Amazon

Zainab: Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanku da war haka. Idan kun ji muryata ta dushe ku yi min uzuri, hazon nan ne ya sa ni gaba tun shekaranjiya. Muna tare da Malam Habu, malamin labarin ƙasa, sai kuma Nura, wanda ya shigo mana da man kaɗanya har a gira.

Nura: Yaya Zainab, ki ƙyale ni. Ƙafa ta yi faso, leɓe ya tsage. Da za a ce in zaɓi abu ɗaya a kawar daga duniya, wallahi ƙurar nan zan zaɓa.

Malam Habu: Da kuwa ka jawo wa mutanen Brazil asara.

Nura: Brazil kuma? Malam, me ya haɗa kifi da kaska?

Malam Habu: Za mu zo wurin. Bari in fara tambayarka, ka taɓa hawa mota daga kurmi zuwa gida?

Nura: Na yi bautar ƙasa a Fatakwal, sau huɗu na bi hanyar.

Malam Habu: To ka ratsa darasin yau da idonka. A bakin teku akwai itatuwan da saiwarsu ke tsaye cikin ruwan gishiri. Ka matso sai kurmi, duhuwa ko'ina, ruwan sama ya haura milimita 2,000 a shekara. Kana tsallake Lakwaja daji ya fara buɗewa, ga dogayen ciyayi, ga kaɗanya da ɗorawa. Ka iso Kano sai kuka da gawo, damina wata huɗu zuwa biyar. Ka wuce Damagaram sai ƙaya, aduwa da magarya. Kafin ka kai Agadas ruwan shekara bai cika milimita 200 ba. Kowane yanki da ruwansa da zafinsa, su ne ke zaɓar abin da zai tsiro, abin da ya tsiro kuma shi ke zaɓar dabbar da za ta zauna.

Zainab: Da abin da za a tuƙa a tukunya. Shi ya sa suke da doya da manja, mu kuma gero da dawa.

Malam Habu: Sosai ma. Haka duniyar take gaba ɗaya. Akwai dazukan sanyi na Rasha da Kanada, akwai filayen can ƙuryar arewa inda ƙarƙashin ƙasa ba ya narkewa, itace ma ba ya iya tsayawa. A littafi ana shafa wa kowanne launinsa a taswira kamar gonaki masu iyaka. Wannan zanen ne nake ganin yana ɓatar da ɗalibai, domin yankunan nan ciniki suke yi da juna kamar 'yan kasuwa.

Nura: Yauwa, mu koma Brazil.

Malam Habu: A arewacin Chadi akwai wani kwari da ake kira Bodele. Kimanin shekara 7,000 da suka wuce ruwa ne malale a wurin, wani ƙaton tafki wanda Tafkin Chadi na yanzu ɗan guntunsa ne kawai. Cikin ruwan akwai ƙananan halittu masu ɓawo, ido ba ya ganinsu. Da tafkin ya ƙafe sai ɓawonsu ya zama farar ƙasa mai laushi kamar garin tuwo. Iska kuma tana matsowa ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi kamar an hura zugazugi, ta kwashi garin nan ta yi sama da shi. Yana cikin wuraren da suka fi ko'ina tayar da ƙura a doron ƙasa.

Zainab: Kana nufin abin da nake sharewa a kan talabijin kullum da safe gawar halittun ruwa ne?

Malam Habu: Wani kaso nasa, ƙwarai kuwa, hazon Kano da yawansa daga can yake tasowa.

Zainab: Subhanallahi. Daga yau da bismilla zan riƙa shara.

Malam Habu: A 2015 masana na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, suka fitar da lissafi daga tauraron ɗan'adam. Suka ce kusan tan miliyan 182 na ƙura ke barin Sahara ta yamma kowace shekara, kimanin tan miliyan 27 daga ciki kuma ya tsallake Tekun Atilantika ya sauka a yankin dajin Amazon, wanda mafi yawansa ke Brazil. Cikin ƙurar akwai fosfaras wajen tan 22,000.

Nura: Fosfaras ɗin mene ne?

Malam Habu: Harafin P ɗin nan da ke jikin buhun takin NPK.

Nura: Tsaya Malam. Kurmin da ya fi kowanne girma a duniya shi ne ke jiran taki daga hamada? Ai ko a mafarki ban zata ba.

Malam Habu: Yawan ruwan ne matsalarsa. Kullum sama na zuba, tana wanke ƙasa, abinci na bin kogi. Albarkar kurmi a jikin itatuwa take da ganyen da ke ruɓewa a ƙasa, shi ya sa in aka sare shi aka yi gona, shekara kaɗan ƙasar ta gaji. A lissafin NASA ɗin, fosfaras ɗin da ƙura ke kaiwa ya yi kusan daidai da wanda ruwa ke kwashewa. Masana dai suna ta muhawara kan nawa ne daga Bodele, nawa ne daga hamadar Mali da Muritaniya, amma kan cewa Sahara ce ke aikawa babu gardama. Wadda ta faɗa teku ma ba ta tafi a banza ba, ƙarfen da ke cikinta na ciyar da ƙananan tsirran ruwa, su kuwa su ke samar da kusan rabin iskar oksijin da ake samarwa a duniya.

Zainab: Ni fa Malam ba zan bari ka wanke ƙurar nan tas ba. Lokacinta ne asma ke tashi, lokacinta ne ake fargabar sanƙarau, jirage ma su kasa sauka.

Malam Habu: Ban musa ba, duk gaskiya ne. Kuma akwai bambanci tsakanin ƙurar da ta zo daga nesa ta sauka a gonarka ta ƙara mata ƙarfi, da wadda iska ta kankare daga gonarka saboda ka sare duk itacen da ke ciki. Ta biyun asara ce tsagwaronta.

Nura: Kakana a ƙauye ba ya bari a taɓa gawo. Ina yaro na ɗauka camfi ne.

Malam Habu: Kakanka ya fi wasu masu digiri sanin ƙasa. Gawo bishiya ce mai saɓa wa 'yan'uwanta: da damina ta zubar da ganye, da rani ta yi kore shar. Saboda haka ba ta tare wa gero rana, ganyen da ta zubar ya zama taki, saiwarta na ƙara wa ƙasa sinadarin da wake ke ƙarawa, 'ya'yanta kuma dabbobi su ci lokacin da ciyawa ta ƙare. Dabbobin su kwanta a inuwarta su bar kashi a nan. Je ka duba geron gindin gawo da na fili, ba sai an yi maka bayani ba.

Zainab: Ba shi ne abin da mutanen Maraɗi suka farfaɗo da shi ba?

Malam Habu: Shi ne, suna ce masa sassabin zamani. Bayan farin shekarun 1970 da 1980 gonaki sun zama fayau. Wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da ake sassabewa duk shekara suna da rai, saiwarsu na nan a ƙasa. Manomi ya zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi ya bari, ya datse sauran. Babu dashe, babu ban ruwa. An ƙiyasta fili ya kai hekta miliyan 5 a jihohin Maraɗi da Damagaram, itatuwa wajen miliyan 200, kuma manoma ne suka yi da addarsu, maƙwabci na koya wa maƙwabci.

Nura: Mu kuwa nan kowace shekara a yi bikin dashen itatuwa, a ɗau hoto, bayan sati biyu akuya ta gama da su.

Zainab: Nura, kar ka ja mana magana. To yanzu ka janye ƙararka a kan ƙura?

Nura: Na janye rabi. Sauran rabin sai fasona ya warke.

Zainab: Malam, mun gode ƙwarai. Masu sauraro, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Nura, miƙo min man kaɗanyar nan.