Na zo Ostareliya koyon zanen ɗigo-ɗigo, sai aka tambaye ni wa ya ba ni izini

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka, ko in ce barkanku da dare tunda ku yanzu a Najeriya kuna shirin kwanciya ni kuma gari ya waye min a nan Melbon. Ku yi haƙuri da yadda kyamarar ke rawa, wallahi hannuna ne ya ƙandare, watan Yuli nan tsakiyar hunturu ne, ku kuna fama da damina mu muna fama da jaket biyu. Yanzu na sauka daga tiram, wato ƙaramin jirgin ƙasa na kan titin cikin gari, a gaban tashar Flinders, zan tsallaka titi in shiga Federation Square, akwai gidan zane-zane na NGV a ciki, shiga kyauta ne, abin da ya sa ɗalibi irina ya mai da shi gidan kawunsa kenan.

To masu tambayata wai me ma nake karantawa, zanen 'yan asalin ƙasar nan ne, Aborijin, mutanen da Turawan Ingila suka tarar a 1788, suna da yaruka sama da 250 a lokacin. Ranar da na faɗa wa Baba ya kalle ni ya ce yanzu duk faɗin Zariya ba ka samu mai koya maka fenti ba sai ka tsallaka bangon duniya? Ban iya ba shi amsa ba, na dai sunkuyar da kai.

Bari in ba ku labarin kunyar da na sha a zangon farko, don shi ya sa na kunna kyamarar yau. An ba mu aikin farko, ni kuma dama tun a gida na gama kallon hotunan zanen nan na ɗigo-ɗigo a intanet, na ce ai wannan ruwa ne, wanda ya taso yana kallon masu ɗinkin hula me ɗigo zai gagare shi. Na kwana uku ina ɗiga fenti da tsinken tsire, ja da rawaya da fari, ya yi kyau fa, ba yabon kai ba. Na kai aji ina taƙama. Malamarmu, dattijuwa ce 'yar asalin ƙasar, kowa Anti yake ce mata don haka suke girmama manyansu mata, ta tsaya ta daɗe tana kallo sannan ta ce min, ɗana wannan labarin waye, kuma wa ya ba ka? Na ce Anti ba labari ba ne ado ne kawai. Ta ce to a wajenmu babu ado kawai. Kai jama'a, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige, ga 'yan aji sun yi tsit.

Daga baya ne ta zaunar da ni ta warware min. Ashe zanen hamadar nan kamar taswira ce da ake kallo daga sama, da'ira cikin da'ira rijiya ce ko mazauni, wannan alamar mai kama da kofaton doki mutum ne a zaune, wato shatin da mutum ke bari in ya tashi daga kan yashi, ga sawun jimina irin tasu, ga na kangaru. Kuma kowane labari da masu shi, gado ne, na wani dangi ne da wani yanki na ƙasa, ko ɗan asalin ƙasar ma ba ya zana na wasu dangin sai da izini, balle ni Bazazzagi da na sauko daga jirgi jiya jiya. Shi kansa ɗigon ba na duk ƙasar ba ne, na mutanen hamada ne, mutanen nan kudu wajen Melbon nasu layuka ne da suke zanawa a kan garkuwa da mayafin fatar wata dabba fosum.

Abin da ya fi ɗaure min kai, zanen a kan kyalle da fentin kanti bai wani daɗe ba. A 1971 wani malamin makaranta Bature, Geoffrey Bardon, ya je wani ƙauye Papunya, kusan kilomita 240 daga garin Alice Springs da ke tsakiyar ƙasar, dattawan garin suka zana labarin tururuwar zuma a bangon makaranta, daga nan suka koma zane a kan katako, a 1972 suka kafa kamfaninsu Papunya Tula wanda har yau nasu ne. Da zanen ya fara fita kasuwa sai wasu dangogin suka yi fushi, an fito da abubuwan asiri da bai kamata mata da yara da baƙi su gani ba, to daga nan masu zanen suka rinƙa cire wasu abubuwan, wasu kuma su lulluɓe su da ɗigo. Kun ga ni mayafin na kwaikwaya, ban ma san akwai abin da aka rufe a ƙasa ba.

To ga mu a ciki, dole in rage murya. Kun ga wancan rubutun a bakin ƙofa, gargaɗi ne ga 'yan asalin ƙasa cewa akwai sunaye da hotunan mamata a ciki, don a al'adar da yawansu in mutum ya rasu ana daina kiran sunansa na wani lokaci. Ni wannan bai ba ni wahalar ganewa ba, Innarmu har yau ba ta taɓa kiran sunan yayanmu na fari ba.

A gidan nan na fara ganin zanen da ya sa na daina cika baki, na wata tsohuwa Emily Kame Kngwarreye daga yankin Utopia. Baiwar Allah ba ta fara zane a kan kyallen fenti ba sai tana dab da shekara 80, kafin nan rini take yi irin na batik, amma kafin ta rasu a 1996 ta yi zane wajen 3,000. Wanda nake faɗa muku na 1995 ne, faɗinsa mita 8, baƙin kyalle da farin layi yana ta murɗewa yana shiga juna kamar ba shi da farko, saiwar wata siririyar doyar daji ce yadda take yaɗuwa a ƙarƙashin ƙasa, kuma a kwana 2 ta gama shi tana zaune a ƙasa a kan kyallen. Ni kwana uku na yi a kan abin da bai fi faranti ba.

Maganar kuɗi kuwa, akwai su. Zanen Clifford Possum mai suna Warlugulong an sayar da shi dalar Ostareliya miliyan 2.4 a 2007. Sai dai inda kuɗi suke nan 'yan jabu suke, in ka shiga shagunan tsaraba na 'yan yawon buɗe ido mafi yawan kayan da aka yi wa ɗigo ba hannun ɗan asalin ƙasa a ciki, daga masana'antun waje ake kawo su. Ni ma na saya wa ƙanwata maƙalin makulli irinsu satin da na zo, Allah Ya yafe min, yana nan cikin akwati na kasa aikawa.

Da na tambayi Anti to ni me zan zana kenan, sai ta ce ku ba ku da bango a garinku? Nan take na tuna ƙofar fadar Zazzau da zayyanar jikinta, na tuna dagi, na tuna masallacin Juma'a da Babban Gwani ya gina, abin da nake wucewa kullum a kan acaɓa ban taɓa ɗaga kai ba. Ta ce kuma kar in je in kwafo hoto, in nemi masu abin in gaishe su.

Shi ne na kira wani kawuna a WhatsApp, tsohon magini ne, irin waɗanda suka yi aiki da tubali da makuba. Na ce Kawu izini nake nema in zana dagi a makaranta. Ya yi dariya har da tari, ya ce tunda yake ba a taɓa neman izininsa a kan dagi ba, yana jikin hula, yana jikin bokiti, yana jikin motar haya, amma tunda Turai ta koya min ladabi in turo goro. Na ce Kawu ba Turai ba ce kuma ba Turawa ne suka koya min ba, ya ce duk ɗaya. Amma fa bayan dariyar mun yi awa guda yana faɗa min yadda ake fitar da zanen da hannu tun laka tana ɗanye, da yadda ake jiƙa kwasfar ɗorawa a samu makubar da ke hana ruwa cin bango.

Matsalar yanzu ƙasa ce. So nake in yi aikin ƙarshe da jar ƙasar Zariya, amma ƙasar nan ba a shigo musu da ƙasa ko iri haka kawai, ko kilishi aka gani a jakarka a filin jirgi ka shiga uku da tara. Na ce to bari in je bakin kogin can na baya, Yarra, su masu wurin Wurundjeri suna ce masa Birrarung, in ɗebo laka, abokina ya ce ita ma sai ka tambaya malam. Ranar Alhamis zan samu Anti in ji wa ake tambaya. Mai gadin can yana ta kallona, ina jin maganata ta yi yawa, bari in kashe, sai mun fito.