Darasi: Yadda Za A Kare Kyanwa Daga Haɗarin Shingen Kaji

Jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Darasinmu na yau na masu kiwon kaji ne a bayan gida waɗanda kuma suke da kyanwa. Yawanci idan mutum zai kafa shinge, tunaninsa yadda zai kare kaji ne kawai, alhali kyanwar da ke kewaya wurin dare da rana tana iya gamuwa da mummunan rauni a jikin wannan shingen. Abin da nake so ku riƙe tun farko shi ne, ko dai shinge ya hana kyanwa shiga gaba ɗaya, ko kuma ya bar ta ta wuce lafiya. Ramin da kan kyanwa zai shiga amma ya riƙe sauran jikinta shi ne ke jawo asara.

Bari mu fara da halittar kyanwa. Ƙashin da ke haɗa kafaɗarta da ƙirji ƙarami ne ƙwarai, bai kuma manne da sauran ƙasusuwa ba, shi ya sa duk inda kanta ya shiga take sa ran jikinta zai bi. Tana kuma iya tsallen da ya kai mita 1.5 ko fiye daga tsaye, sannan duk wayar da ke da ramuka tsani ce a wurinta. Saboda haka tsayin shinge kaɗai ba ya tare ta. Abin da ke tare ta shi ne rufe saman wurin da waya, ko kuma ƙara wani sashe a sama wanda aka karkato shi wajen digiri 45 zuwa ɓangaren da take hawowa, domin ba ta son hawan abin da ya rinjayo ta kanta.

Sai maganar irin wayar. Wadda aka fi sani, mai ramuka masu kusurwa shida, siririya ce, tana saurin tsatsa, kuma idan ta daɗe tana saki har ta yi ciki. Ramukanta kan kai santimita 2.5 zuwa 5, wato daidai yadda kyanwa za ta zura hannu ta taɓo ɗan tsako, farcenta ya sarƙe, ta yi ta fizga har ta ji wa kanta ciwo. A nawa ganin, gara a sa waya mai kauri mai ƙananan ramuka na kimanin santimita 1.3, ko da a ƙasan shingen ne kawai zuwa tsayin mita ɗaya. A ja ta ta yi tsam, a buga ta a jikin katako, sannan a binne kimanin santimita 30 a ƙasa domin kada wata dabba ta tona ramin da kyanwa za ta bi daga baya. Raga ta roba ko ta zare wadda ake yafawa a sama kuwa, idan aka bar ta sako-sako ta fi komai haɗari, domin kyanwar da ta faɗa ciki juyi take yi, kuma kowane juyi ƙara naɗe mata wuya da ƙafafu yake yi.

Yanzu ku ɗauki tsohon tsumma ku zagaya shingenku, kuna goga shi a hankali a bakin waya, musamman wajen ƙofa da kusurwoyi da inda aka haɗa waya biyu. Duk inda tsumman ya maƙale, nan ne tsinin da zai tsaga tafin ƙafar kyanwa ko ya soke mata ido. Ku sa filaya ku lanƙwashe tsinin ciki, ko ku danne shi da siririn katako. Guntayen wayar da suka zube a ƙasa lokacin yanka ma a tsince su tsaf, don kaji kansu suna haɗiye su. Idan kyanwarku tana da abin wuya, ya zama irin wanda ke ɓallewa da kansa idan an ja shi da ƙarfi, domin igiya ko ɗamarar da ba ta ɓallewa tana iya rataye ta a kan shinge.

Game da shinge mai lantarki, na'urar da aka ƙera domin wannan aiki tana sakin wuta ne a taƙaice, kusan sau ɗaya a kowace daƙiƙa, don dabba ta samu damar ja da baya. Kada a taɓa jona waya kai tsaye da wutar gida, domin hakan yana kashe dabba da mutum. Ko da na'urar ta gaskiya ce, dole ragar ta kasance a miƙe, don kyanwar da ta sarƙe a ciki za ta yi ta shan wutar ba tare da hanyar tsira ba.

Akwai kuma abin da ake zubawa a gindin shinge, wanda ni ya fi tayar mini da hankali. Abincin kaji yana jawo ɓeraye, mai kaji kuma sai ya sa guba. Yawancin gubar ɓera tana hana jini daskarewa ne, kuma ɓeran da ya ci yana yin kwanaki yana yawo a galabaice, ya zama shi ne mafi sauƙin kamu ga kyanwa. Idan kyanwa ta ci irin wannan ɓera, gubar tana iya shafar ta, kuma alamomin sukan bayyana bayan 'yan kwanaki: kasala, dasashi ya yi fari, numfashi da ƙyar. Likitan dabbobi yana magance wannan da bitamin K1 idan an kai ta da wuri, amma rufe abincin kaji a mazubi mai murfi da ɗana tarko a inda kyanwa ba ta kaiwa ya fi. Haka nan maganin ƙwari mai sinadarin famitirin (permethrin), wanda ake fesawa a akurki saboda kwarkwatar kaji, guba ne mai tsanani ga kyanwa domin hantarta ba ta iya sarrafa shi. Idan an yi feshi, a kulle ta a ɗaki har wurin ya bushe sarai. Idan aka ga tana karkarwa ko dalalar da miyau, a garzaya da ita wurin likita nan take.

Murar tsuntsaye nau'in H5N1 ma tana kama kyanwa, kamar yadda aka gani a ƙasar Folan a shekarar 2023 da kuma gonakin shanu a Amurka a 2024, inda kyanwoyi da dama suka mutu. Don haka kada a jefa mata mushen kaza, kada kuma a bar ta kusa da kajin da ke mutuwa ba a san dalili ba.

Idan kuka tarar da kyanwa ta maƙale, ku lulluɓe ta da tawul tukuna, domin zafin ciwo zai sa ta ciji ko da wanda ta fi sabo da shi. Ku yanke wayar ko ragar, kada ku janyo ta da ƙarfi. Ku wanke raunin da ruwa mai tsabta, ku kai ta likita ko da raunin ƙarami ne a ido, don sukar waya takan rufe a sama ta tara mugunya a ciki. Kada kuma ku ba ta farasitamol, domin ƙwaya ɗaya tak tana iya kashe ta.