Amurkawa da Yaƙin Hitila: Bakin Daga da Cikin Gida

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, malamaina, 'yan'uwa ɗalibai, barkanmu da zuwa.

Maganar da aka ɗora mini yau ita ce yadda mutanen Amurka suka shiga Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu suke kira yaƙin Hitila. Janar-janar da taswirar daga za mu taɓa su kaɗan mu wuce. Inda nake so mu daɗe shi ne wurin talakan ƙasar: ma'aikacin masana'anta, da matar gida, da baƙar fata, da ɗan asalin Japan. Ku riƙe abu ɗaya tun daga farko. A cikin manyan ƙasashen da suka gwabza, Amurka ce kaɗai wadda bam bai rushe biranen babban yankinta ba. Landan ta ci wuta, Balin ta zama kufai, Tokiyo ta ƙone, Leningrad ta sha yunwa. Detroit da Cikago kuwa hayaƙin masana'antu kawai suka shaƙa.

Lokacin da Jamus ta afka wa Folan ranar 1 ga Satumba 1939, yawancin Amurkawa ba sa son jin maganar yaƙi. Sun rasa mutum sama da 116,000 a yaƙin farko, kuma da yawansu suna ganin Turawa ne suka ja su cikin rigimar da ba tasu ba. Majalisa ta yi dokokin 'yan ba-ruwanmu tun daga 1935. Shahararren matuƙin jirgin nan Charles Lindbergh yana yawo gari-gari yana gaya wa jama'a su bar Turai da halinta. Shi kansa Shugaba Franklin Roosevelt, da yake neman ƙuri'a a 1940, ya yi wa iyaye alkawarin ba za a tura 'ya'yansu yaƙin wata ƙasa ba. Amma a watan Satumba na wannan shekara ya sa hannu kan dokar tilasta wa samari shiga soja, karo na farko da aka yi haka ba a cikin yaƙi ba. Ku kuwa kun san ɗan siyasa.

Roosevelt ya san Ingila ta kusa tsiyacewa, ba ta da kuɗin sayen makamai. Sai ya kawo wa mutanensa misali: in gidan maƙwabcinka ya kama da wuta, ba ka tsayawa ciniki a kan tiyon ruwa, aro kake ba shi ya kashe wutar ya dawo maka da abinka. Da wannan aka samu dokar ba da aron kayan yaƙi a watan Maris 1941. Kafin yaƙi ya ƙare an fitar da kaya na kimanin dala biliyan 50, mafi yawa zuwa Ingila, sai Tarayyar Sobiyet da ta samu na wajen biliyan 11.

Abin da ya yanke gardama daga gabas ya zo. Japan ta mamaye Sin, ta shiga Indocaina, Amurka ta hana ta man fetur a tsakiyar 1941. Ranar Lahadi 7 ga Disamba jiragen Japan suka far wa sansanin Pearl Harbor a Hawai, mutum 2,403 suka mutu. Washegari majalisa ta amince da yaƙi, mace ɗaya tak, Jeannette Rankin, ta ce ba ta yarda ba. Ranar 11 ga wata Hitila da kansa ya ƙaddamar da yaƙi kan Amurka, ya sauƙaƙa wa Roosevelt aiki.

To, a nan ne labarin ya koma cikin gida.

A watan Fabrairu 1942 aka daina ƙera motocin hawa gaba ɗaya. Duk mai son sabuwar mota sai ya jira bayan yaƙi. Kamfanonin Detroit suka juya zuwa tankoki da injinan jirage. Ford ya gina masana'anta a Willow Run, wadda a 1944 take fitar da babban jirgin kai hari samfurin B-24 kusan guda a kowace awa. A bakin teku, Henry Kaiser da ire-irensa suka koma haɗa jiragen dakon kaya da walda, guntu-guntu, maimakon tsohuwar hanya. Jirgin da a farko yake cin kusan wata 8 ya dawo kwana 40 da 'yan kai, kuma sun ƙera irinsa 2,710. Akwai ma wanda aka haɗa cikin ƙasa da kwana 5 don a burge duniya. Jiragen sama kuwa kimanin 300,000 ƙasar ta ƙera. Lissafin a bayyane yake: jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus suna nutsar da jiragen kaya a Atilantika, su kuma suna zubo sababbi da saurin da ya fi na nutsarwar.

Kada ku manta daga inda suka fito. A 1940 kusan mutum 15 cikin 100 na masu neman aiki ba su da shi, ragowar karayar arzikin da ta fara a 1929. A 1944 adadin ya faɗo ƙasa da 2 cikin 100. Ga miliyoyin iyalai, shekarun yaƙi su ne karo na farko cikin shekara goma da albashi yake shigowa kowane mako.

Sai dai ga kuɗi, ba abin saye. Japan ta kame Malaya da tsibiran Indunisiya, inda roba take fitowa, don haka taya ce aka fara taƙaitawa. Sukari ya biyo baya a Mayu 1942, sai gahawa, sai fetur, sai takalma da nama da man shanu. Kowane mutum, har jinjiri, yana da littafin rashan, kuma in babu takardar da za a yage daga ciki, kuɗinka ba ya saya maka nama. Aka ƙayyade gudun mota a mil 35 cikin awa, don a tattala taya. Mata suna tara kitsen girki su kai wa mahauta, domin ana fitar da sinadarin haɗa nakiya daga cikinsa. Yara suna tattara tsofaffin ƙarafa. An yi lambuna kusan miliyan 20 a bayan gida da filayen makaranta. Kasuwar bayan fage ma ta ci, musamman ta nama da fetur. Kada wani ya zaci kowa waliyyi ne. Kuɗin yaƙin kuma daga aljihunsu ya fito. Masu biyan harajin samu ba su wuce miliyan 4 ba a 1939, suka haura miliyan 40 kafin 1945, kuma tun 1943 ake cire shi daga albashi kafin ya iso hannu. Sun kuma ba gwamnati rance ta hanyar sayen takardun lamuni na kimanin dala biliyan 185.

Da maza suka tafi, mata suka cike gurbi. Masu aikin albashi sun tashi daga kimanin miliyan 12 zuwa wajen 19, wasu 350,000 kuma suka sa kaki. Sun yi walda, sun haɗa fukafukan jirage, galibi a kan albashin da bai kai na namiji ba, kuma da sojoji suka dawo aka sallami da yawansu.

Bari in ɗan ratse, domin wannan ya shafe mu. Jiragen da ake ƙerawa can, wasu ta kanmu suka bi. Tun da Bahar Rum ba ta biyuwa, sai jirgi ya tashi daga Florida zuwa Natal ta Burazil, ya tsallako teku ya sauka Akra, daga nan Kano, Maiduguri, ya ratsa Cadi zuwa Kartum, sannan Alƙahira ko Indiya. Ingilishi ne suka buɗe hanyar daga Takoradi a 1940, kamfanin Pan American ya shigo a 1941, daga baya sojan Amurka suka karɓa. Filin jirgin Kano ya ga zirga-zirgar da bai taɓa gani ba.

A bakin daga, kimanin Amurkawa miliyan 16 ne suka yi aikin soja, daga ƙasa mai mutum miliyan 132. Sun karya lagon rundunar ruwan Japan a Midway a Yuni 1942. A Nuwamba suka sauka Maroko da Aljeriya, janar ɗin Jamus Rommel ya ba su kashi a Kasserine ta Tunisiya, suka koyi darasi. Sai Italiya, sai Normandi ta Faransa ranar 6 ga Yuni 1944, sai tsibiran Iwo Jima da Okinawa na Japan. Sun rasa mutum sama da 400,000. Babban rashi ne, kowane ɗaya ɗan wani ne. Amma Tarayyar Sobiyet ta rasa wajen miliyan 27, kuma mafi yawan sojojin Jamus a fagen gabas suka halaka. Wanda ya koyi tarihin wannan yaƙi daga fina-finan Amurka zai ɗauka su kaɗai suka yi shi. Kuma a dare ɗaya na Maris 1945 jiragensu sun ƙona mutum kusan 100,000 a Tokiyo, kafin su jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima da Nagasaki a ranakun 6 da 9 ga Agusta.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi damuna.

Ranar 19 ga Fabrairu 1942 Roosevelt ya sa hannu kan umarni mai lamba 9066. Da shi aka kwashe mutum kusan 120,000 'yan asalin Japan daga gabar yamma, aka zuba su a sansanoni 10 cikin hamada da fadama, bayan waya mai ƙaya. Kashi biyu cikin uku haifaffun Amurka ne, 'yan ƙasa. Ba a gurfanar da su gaban alƙali ba. An ba su 'yan kwanaki su tattara abin da hannu zai iya ɗauka, suka sayar da gonaki da shaguna a wulaƙance. Aka ce tsaro ne. To, a Hawai, inda aka kai harin, 'yan asalin Japan sun kai kashi ɗaya cikin uku na jama'a, kuma ba a kwashe su jimla ba, saboda in an yi haka gonakin rake da tashar jiragen ruwa za su tsaya. Jikokin Jamusawa da na Italiyawa ma ba a yi musu kwasar karan mahaukaciya ba. Ku yi wa kanku hukunci. Wani saurayi, Fred Korematsu, ya ƙi tafiya, shari'arsa ta kai Kotun Ƙoli, a 1944 alƙalai 6 cikin 9 suka goyi bayan gwamnati. A daidai wannan lokaci samarin da iyayensu ke tsare suna mutuwa a Italiya da Faransa cikin runduna ta 442, wadda ta tara lambobin yabo fiye da kowace mai girmanta. Sai a 1988 gwamnati ta nemi gafara, ta amince ta biya duk wanda ya rage da rai dala 20,000.

Baƙaƙen fata sama da miliyan ɗaya sun sa kaki, a rundunar da ta ware musu bariki da wurin cin abinci. Har jinin da ake bayarwa don masu rauni, raba na baƙi da na fari ake yi. Yawancinsu dako da tuƙi da girki aka ba su. Bayan Normandi, manyan motocin da suka riƙa kai fetur da harsasai bakin daga dare da rana, direbobi uku cikin huɗu baƙaƙe ne. A Port Chicago ta Kalifoniya, albarusai suka fashe a Yuli 1944, mutum 320 suka mutu, 202 baƙaƙe masu lodi. Waɗanda suka ƙi komawa aikin ba tare da an gyara ba, 50 daga cikinsu aka yi musu shari'ar tawaye. Ba su zauna shiru ba. Tun 1941 shugaban ƙwadago A. Philip Randolph ya yi barazanar cika Washington da masu zanga-zanga, dole Roosevelt ya hana wariya a masana'antun makamai. Jaridar Pittsburgh Courier ta fito da taken nasara biyu, ɗaya kan Hitila, ɗaya kan wariya a gida. Dubban ɗaruruwa suka bar kudu zuwa biranen masana'antu, inda rigimar gidaje da aiki ta jira su. A Detroit, tarzomar Yuni 1943 ta ci rai 34, 25 baƙaƙe.

Da aka gama, dokar 1944 ta tallafa wa tsofaffin sojoji ta biya wa kusan miliyan 8 kuɗin karatu ko koyon sana'a, ta kuma sauƙaƙa rancen gida. A takarda kowa da kowa ne. Amma bankuna da jami'o'i da ofisoshin jihohi ne ke aiwatarwa, kuma a kudu sun rufe wa baƙin soja ƙofa. Wariya a cikin rundunar kanta sai a Yuli 1948 Shugaba Truman ya ba da umarnin kawo ƙarshenta, aiwatarwar kuma ta ja har zamanin yaƙin Koriya.

Shugaba yana nuna mini agogo. Zan dakata nan, a kawo tambayoyi.