A ina za a dasa kapasita idan layi cike yake da hamonik?

Assalamu alaikum. To jama'a, aikin kapasita a layin raba wuta duk mun san shi, ba sai na ja zance ba. Injina masu juyawa da taransifoma suna jan wani kaso na karant da ba ya yin aikin komai, kai-komo kawai yake a waya yana ɗumama ta. Ka kafa kapasita kusa da su ta riƙa ba su wannan kason, sai fawa fakta, wato ma'aunin kason wutar da ke yin aiki na gaske, ta gyaru, asara ta ragu, boltej ɗin ƙarshen layi ya ɗan ɗago. Rigimar ita ce a ina za a sa ta, kuma wane girma.

Akwai tsohuwar amsa tun aikin Neagle da Samson na 1956, dokar biyu bisa uku. Idan lodi ya bazu daidai a tsawon fida, wato layin da ya fito daga tasha yana kai wa masu amfani wuta, ka ɗauki kapasita mai biyu bisa uku na kVAr ɗin lodin (kVAr shi ne ma'aunin wancan kason mai kai-komo), ka dasa ta a biyu bisa uku na tsawon layin daga tasha, asarar da wancan karant ɗin ke jawowa za ta ragu da takwas bisa tara. Doka ce mai kyau, ni har yanzu ina fara kimantawa da ita. Amma fa an gina ta ne a kan cewa wutar tsaf take, 50 Hz ko 60 ba gauraye.

Yanzu kuwa ina! Inbata ne, UPS ne, caja, fitilun LED, na'urorin sarrafa gudun injin, duk a gutsure suke jan karant, shi ne yake haifar da hamonik, wato ƙarin kaɗawa a wutar mai firikwensi ninki-ninkin na asali. Rektifaya mai bugu shida tana fitar da na 5, na 7, na 11 da na 13. A layin 50 Hz na 5 shi ne 250 Hz, na 7 kuma 350.

To ku ba ni hankalinku nan. Kapasita ba ta ƙirƙirar hamonik, kar a ɗora mata laifin da ba nata ba. Abin da ke faruwa, duk sadda firikwensi ya hau turjiyar kapasita raguwa take, ta taransifoma da waya kuma ƙaruwa take, dole akwai inda za su yi daidai, nan ne rezonans. Kamar lilo ne, ɗan turi kaɗan in ya zo daidai da kaɗawarsa sai ka ga yaro ya yi sama. Kuma lissafin ba wuya, ka raba ƙarfin shot-sakit na wurin da girman kapasitar, ka ɗauki sikweya rut, abin da ya fito shi ne lambar hamonik ɗin da rezonans zai faɗa a kai. Misali taransifoma 1000 kVA mai turjiya kashi 5 cikin ɗari, shot-sakit ɗinsa wajen 20,000 kVA ke nan. Ka sa 400 kVAr, 20,000 raba 400 ya ba ka 50, rut ɗinsa 7 da ɗan ɗori. Ka zauna daram a kan na 7. Ka ce bari in ƙara zuwa 800, ya ba ka 25, rut 5, ka faɗa kan na 5 wanda ma ya fi ƙarfi. Daga nan sai fiyus ya riƙa yankewa ba dalili, gwangwanin kapasita ya kumbura, taransifoma na ƙugi yana zafi.

Akwai iyakoki a rubuce. Ƙa'idar ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta IEEE mai lamba 519 ta 2014 ta sa jimillar gurɓatar boltej kar ta wuce kashi 8 a layin da bai haura 1 kV ba, kashi 5 daga nan zuwa 69 kV. IEEE 18 kuma ta ce kapasita ta jure har kashi 135 na karant ɗinta, da 110 na boltej.

Abin da nake ƙorafi a kai shi ne yadda ake yawan yin binciken. Mutum zai ɗauko layin gwaji na Baran da Wu na 1989, mai bas (wato mahaɗa) 33 ko 69, ya sake masa jenetik algoridim ko PSO, dabarun da kwamfuta ke lalubo amsa mafi kyau da su, kwamfuta ta zaɓo wuri da girma mafi arha a 50 Hz kaɗai, sai can ƙarshe ya leƙa hamonik, in ma ya leƙa. A'a. Iyakar gurɓata tana cikin sharuɗɗan neman tun farko, duk amsar da kwamfuta ta kawo a gwada ta a kowane hamonik kafin a ba ta maki. Kuma ba a lodi ɗaya ba, domin da dare lodi ya yi ƙasa babu abin da zai danne rezonans ɗin, sannan in bankin kapasitocin mai matakai ne kowane mataki ya shiga wurin rezonans ya gusa. Sau da yawa za ka ga amsar da ta tsira ba ita ce ta fi rage asara ba, a haƙura da ita haka.

Na ga hannu can baya, kana tambayar in wurin ya zama dole a sa fa? Sai ka jona mata riyakta, wato naɗin waya, a jere. Ta kashi 7, wato mai turjiya kashi 7 cikin ɗari na ta kapasitar, tana sauko da rezonans zuwa 189 Hz, ƙasa da na 5. In na 3 ya yi yawa a layin, wato 150 Hz, ta kashi 14 za ka nema, ita 134 Hz take. Sai dai riyaktar tana ɗaga boltej a kan kapasitar, ta kashi 7 tana ƙara wajen kashi 7.5, don haka a layin 400 V kar ka sayo mai 400, nemi mai 440 ko sama.